Kiwon Kokwambar Teku: Me Take Ci, Kuma Wa Ke da Iko da Abincinta?

A daren 16 ga Yulin 2020 gidan talabijin na gwamnatin Sin, CCTV, ya nuna shirinsa na shekara-shekara da ke tona asirin masu ha'intar masu sayen kaya, wanda annobar korona ta sa aka ɗage shi daga watan Maris. Cikin abin da aka nuna har da hotunan da aka ɗauka a ɓoye a gundumar Jimo ta birnin Qingdao, inda masu kiwon kokwambar teku ke zuba maganin ƙwari na DDVP a tafkunansu. Sinadarin sananne ne a Najeriya, domin shi ne ke cikin kwalbar Sniper, kuma galibi da shi ake haɗa fiya-fiya. Masu tafkunan na zuba shi ne don kashe ƙaguwa da sauran halittun da ke cutar da dabbar ko suke yi mata tarayya a abinci.

Wanda ke son gane dalilin da zai sa mai kiwo ya zuba guba a ruwan da dukiyarsa ke kwance, sai ya fara sanin abin da wannan dabba ke ci. Yanayin cin abincinta ne ke ƙayyade yawan da za a iya kiwatawa a wuri ɗaya, da watannin da za ta yi girma, da kuɗin da za a kashe, har ma da wanda zai ci riba a ƙarshe.

Wace irin halitta ce?

Duk da sunanta, kokwambar teku dabba ce. Siffarta ce kawai ta yi kama da kokwamba ko gurji: doguwa, mai taushi, baki a wannan gefe, dubura a wancan. Ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da idanu, kuma ta dubura take zuƙo ruwan da take numfashi da shi. Masana sun san nau'o'inta kimanin 1,700, amma biyu ne suka mamaye harkar kiwo. Na farko shi ne Apostichopus japonicus, mai ƙayoyi masu taushi a bayanta, wadda ke rayuwa a ruwan sanyi na gaɓar arewacin Sin da Japan da Koriya da gabashin Rasha. Na biyu shi ne Holothuria scabra, ta ruwan ɗumi, wadda ake samu daga Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka har zuwa tsibiran tekun Fasifik. A nan gaba za a kira su mai ƙaya da ta yashi.

Abin da ake ci a jikinta shi ne fatarta mai kauri. Ana farke ta, a dafa, a sa gishiri, a shanya, har ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Mutanen Sin na kiranta haishen, suna ɗaukar ta abincin alfarma mai ƙara lafiya, kuma cinikinta tsoho ne: tun ƙarni na 18 matuƙa jiragen ruwa daga Makassar ta Indunusiya ke zuwa arewacin Ostireliya nemanta, har zuwa 1907. A shagunan Hong Kong kilo ɗaya na busasshiyar ta yashi kan kai ɗaruruwan daloli, manya masu kyau su haura dala dubu.

Wannan farashi ne ya sa aka kwashe ta daga gaɓa zuwa gaɓa. Indiya ta haramta kamunta a 2001, ɓangaren Tanzaniya na tudu ya bi sahu a 2006. A 2013 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa nau'o'in biyu da ake kiwo cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa a teku, sannan a 2019 taron yarjejeniyar CITES a Janeba ya sa wasu nau'o'i uku ƙarƙashin sa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Kiwo ya zo ne don cike wannan giɓi. A 2020 Sin kaɗai ta samar da kimanin tan 200,000 na ɗanyar mai ƙaya, mafi yawa daga lardunan Liaoning da Shandong da Fujian.

Yadda take ci

Kewaye da bakin waɗannan nau'o'i biyu akwai wasu 'yan yatsu guda 20 masu faɗin kai da yauƙi. Dabbar na tafiya a hankali a ƙasan teku, tana dangwalo laka da yashi tana kaiwa baki. Abin da take nema shi ne ɗan abin da ke manne da ƙwayar yashi: bakteriya, ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, ruɓaɓɓen ganyen ciyawar teku, da kashin wasu halittu. Hanjinta na tsotse wannan, sauran ya fita a matsayin yashi wankakke.

Tun da abin gina jiki a cikin laka kaɗan ne ƙwarai, dole ta haɗiyi mai yawa. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda ya yi amfani da jirage marasa matuƙi a tsibirin Heron na Ostireliya, ya ƙiyasta cewa kokwambar teku fiye da miliyan uku da ke wurin na tace laka sama da tan 64,000 a shekara. Cikinta an gina shi ne don abinci mai yawa marar ƙarfi. Ruwan narkar da abincinta ba shi da kaifi, kuma ɗanyen ganye mai tauri ba ya narke mata da kyau sai ya ruɓe ko an niƙa shi. Duk dabarar ciyar da ita a wurin kiwo na komawa ga wannan gaskiya.

Makonnin farko a wurin ƙyanƙyasa

Rayuwarta ba a ƙasa take farawa ba. Ƙwan da aka barbara na zama ƙaramar tsutsa mai iyo da ba ta kai milimita ɗaya ba, wadda masana ke kira orikulariya. Daga kwana na biyu take fara ci, kuma abincinta gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya da ke yawo cikin ruwa. Don haka kowane wurin ƙyanƙyasa na da ɗaki na musamman inda ake noman irin su Chaetoceros da Isochrysis da Dunaliella a kwalabe da manyan robobi. Ana ba da su da awo, yawanci ƙwaya 20,000 zuwa 40,000 a kowace mililita ta ruwa, ana ƙarawa yayin da tsutsar ke girma. A Sin ana haɗawa da jan yis na teku, a wasu ƙasashe kuma ana sayen gansakukar da aka tattara a kwalba idan noman ta gida ya gagara.

A wannan mataki yawan abinci na kisa kamar ƙarancinsa. Idan aka cika, ko aka ba da gansakukar da ta tsufa, cikin tsutsar na lalacewa, ruwa ya gurɓace, tanki guda ya mutu cikin kwana kaɗan. Idan kuma aka rage, tsutsar ba za ta tara maiƙon da za ta rayu da shi a mataki na gaba ba. A ta yashi, wajen kwana na 10 zuwa 12 tsutsar na dunƙulewa ta koma kamar ƙaramar ganga, ta daina ci gaba ɗaya. Bayan 'yan kwanaki sai ta sauka ta manne a wani abu, yatsunta biyar na farko su fito, ta fara kiwo da kanta.

Inda za ta sauka sai da abinci a shimfiɗe. A teku, 'ya'yan ta yashi na sauka ne a kan ganyen ciyawar da ke tsiro a ƙasan ruwa marar zurfi. A wurin ƙyanƙyasa ana jera faranta na roba da aka bari gansakukar ƙasa irin su Navicula da Nitzschia suka yaɗu a kai, ko aka shafe su da garin Spirulina. Nan ne kuma abokan gaba ke bayyana. Wasu ƙananan ƙwarin ruwa na cinye shimfiɗar, su kuma yi wa jariran rauni, kuma an daɗe ana kashe su da maganin ƙwari a wuraren ƙyanƙyasa. Daga ƙwai miliyoyi, kaso kaɗan ne ke tsallake wannan siraɗi. Masanin Indiya D. B. James da abokan aikinsa ne suka fara ƙyanƙyasar ta yashi a Tuticorin a 1988, kuma har yau wannan mataki ne mafi tsada da wuyar sha'ani.

Haɗin abincin Sin

Da zarar jarirai sun fi ƙarfin farantan, masu kiwon mai ƙaya a Sin na komawa ga abincin haɗi. Abin da zai ba mai kiwon tarwada mamaki shi ne, mafi yawan haɗin laka ce. Ana kwaso lakar teku, a shanya, a tankaɗe, a gauraya da garin ciyawar teku, kuma sau da yawa lakar ta fi rabin haɗin. Tana sa abincin ya nutse ya kwanta inda dabbar za ta same shi, tana rage masa ƙarfi daidai da abin da hanji zai iya, tana taimakawa wajen niƙa, sannan tana zuwa da bakteriya da ma'adinan da dabbar ta saba da su. Gwaje-gwaje sun nuna cewa garin ciyawa zalla ba ya ba da girman da haɗinsa da laka ke bayarwa.

Ciyawar da aka fi yarda da ita tun farko ita ce Sargassum thunbergii, mai tsiro a duwatsun gaɓa. Bunƙasar kiwon ya sa aka yi ta yankarta har ta yi ƙaranci ta yi tsada, sai aka koma neman madadi. An juya ga wasu 'yan uwanta, da doguwar ciyawar Saccharina japonica da ake nomawa da yawa a Sin, wadda ake rage wa yauƙi kafin a niƙa. An kuma gwada koriyar Ulva prolifera, wadda ta rufe gaɓar Qingdao a 2008 gab da gasar tseren kwalekwale ta Olamfik, ta kuma riƙa dawowa kowace shekara. Har ƙasar tudu da ganyen masara an gwada.

A kan wannan tushe ake ƙara abin gina jiki kaɗan: garin kifi, garin waken soya, yis, ragowar naman kawa, garin ɓawonta, da bitamin. Yawancin gwaje-gwaje sun sa buƙatar furotin ta mai ƙaya a wajen kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa da haka, maiƙo kuma bai wuce kashi 5 ba. Abincin tarwada kan ninka wannan furotin. Idan aka ƙara wa kokwambar teku fiye da buƙatarta, girmanta ba ya ƙaruwa, ragowar kuma na ruɓewa a ƙasan tanki ta cinye iskar ruwan. Masu kiwo da yawa na tsima haɗin da yis da bakteriya masu amfani kafin su zuba, kamar yadda ake jiƙa gero ya yi tsami kafin a yi kamu, don ya yi sauƙin narkewa.

A manyan tafkunan gaɓa kuwa, inda dabbar ke shafe shekara biyu zuwa uku kafin ta isa sayarwa, da yawa ba sa dogara da abincin haɗi. Ana jera duwatsu da fale-falen ƙasa da raga a ƙasan tafkin don gansakuka ta samu wurin kamawa, dabbar kuma ta samu mafaka, sai a riƙa sabunta ruwa idan teku ya ciko. Irin wannan tafki makiyaya ce. Duk ƙaguwa ko wata halitta da ta shigo da ruwan, ko dai ta ci jarirai ko ta rage kiwon. Daga nan ne jarabar zuba guba ke samo asali.

Watannin da ba ta ci

Mai ƙaya ta fi girma idan ɗumin ruwa na tsakanin digiri 10 da 17 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya haura wajen 20 zuwa 25, gwargwadon girman dabbar, sai ta daina ci, ta shige ƙarƙashin dutse ta kwanta. Hanjinta na shanyewa ya koma kamar zare, kuma tana iya shafe kusan wata uku a haka, ta rasa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin nauyinta. Wanda ya san gaiwa, wadda ke shiga laka da rani tana cin jikinta har damina ta sauka, ya san irin wannan kwanciya. Abincin da aka zuba a wannan lokaci asara ce, kuma guba ne ga ruwa.

Tana da wata ɗabi'ar kuma: idan ta firgita, ko gishirin ruwa ya sauya farat ɗaya, ko ruwan ya ɓaci, takan amayar da hanjinta baki ɗaya. Wani na tsirowa cikin makonni, amma kafin nan ba ci, ba girma.

Masu kiwo sun nemi hanyar kewaye kalandar dabbar. A wajen watan Nuwamba ana loda matasan mai ƙaya daga arewa zuwa gundumar Xiapu ta lardin Fujian a kudu, inda ruwan hunturu ke da ɗumin da ya dace. Ana sa su a kwanduna masu hawa-hawa da ke rataye a teku, ana ciyar da su jiƙaƙƙiyar doguwar ciyawa, a kwashe su a watan Maris ko Afrilu kafin zafi ya kama. A arewa kuwa zafin na iya wuce abin da kwanciya za ta kare. A bazarar 2018 ruwan tafkuna marasa zurfi a Liaoning ya haura digiri 30, hukumomin lardin suka ƙiyasta mutuwar tan 68,000, asarar da ta kai yuwan biliyan 6.87.

Kiwon da ba a zuba abinci

A ƙasashe masu zafi hanyar ta bambanta. Ta yashi ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Takan binne kanta cikin yashi wani ɓangare na yini, ta fito kiwo daga la'asar zuwa dare. A Bolinao ta Filifin masu bincike na rainon jarirai a cikin raga mai shawagi a teku, inda suke cin shimfiɗar gansakukar da ke kama jikin ragar da kanta. A lardin Khanh Hoa na Biyetnam ana sa su a tsofaffin tafkunan jatan lande, su ci dattin da shekarun kiwo suka tara a ƙasa.

Misali mafi shahara a Afirka na kudu maso yammacin Madagaska. Binciken haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Toliara da jami'o'in Beljiyam ne ya kai ga kafa wurin ƙyanƙyasa, wanda yanzu kamfanin Indian Ocean Trepang ke gudanarwa. Ƙauyukan masunta 'yan ƙabilar Vezo, irin su Tampolove, da tallafin ƙungiyar Blue Ventures, na karɓar jarirai su sa a shingayen raga a cikin ruwa marar zurfi. Ba a ba su ko ƙwayar abinci. Aikin masu kiwon, waɗanda mata ne da yawansu, shi ne wanke raga, kama ƙaguwa, ƙirga da awo idan teku ya janye da dare, har dabbar ta kai wajen giram 400 cikin kusan shekara guda. Zanzibar ma ta buɗe wurin ƙyanƙyasa a 2018 da tallafin hukumar FAO da Koriya ta Kudu.

Rashin kuɗin abinci babbar garaɓasa ce ga talaka, amma yana da iyaka. Laka na sabunta abincinta ne da saurin da Allah Ya ɗora mata, ba fiye ba. A gwaje-gwajen da aka yi a Niyu Kaledoniya, girman dabbar ya tsaya cik da nauyinsu ya kai wajen giram 200 zuwa 250 a kowace murabba'in mita, wato ƙasa da babba guda ɗaya. Wasu wuraren a Madagaska na ɗaukar ninkin haka biyu ko uku, saboda lakarsu ta fi ƙiba. Wanda ya cusa fiye da ƙima zai samu dabbobi da yawa da ba su isa sayarwa ba, kamar garken da ya fi ƙarfin makiyayarsa. Saboda haka zaɓen wuri shi ne rabin sana'ar, kuma shinge biyu masu tazarar 'yan mitoci na iya ba da sakamako mabambanci.

Cin ragowar wasu

Tun da datti ne abincinta, an daɗe ana tunanin sa ta ƙarƙashin wasu dabbobin kiwo. A mashigin Sanggou na Shandong ana noman ciyawar teku da kiwon dangin kawa a sama, kokwambar teku na cin abin da ya zubo a ƙasa. A Niyu Zilan an nuna cewa wani nau'in ƙasar na girma da kyau ƙarƙashin igiyoyin kiwon kawa, a Kanada ma an gwada wani ƙarƙashin kejin kifi. Ba ko'ina haɗin ke yin kyau ba. A Niyu Kaledoniya, da aka haɗa ta yashi da jatan lande a tafki ɗaya, jatan landen ya riƙa yi mata rauni har ta mutu, shi ya sa aka fi ba da shawarar a yi su bi da bi. Datti ma idan ya yi yawa yana cinye iskar laka, ya mai da ita baƙa mai wari, inda dabbar ba ta iya zama.

Wannan siffa na da muhimmanci ga Afirka ta Yamma ta wata fuskar. Kiwon kifi da jatan lande a duniya na cin garin kifi mai yawa, kuma masana'antun Muritaniya da Senegal da Gambiya na niƙa ƙananan kifayen da talakawan yankin ke dogara da su don fitar da wannan gari. Dabbar da ke girma da laka da ciyawa, da ɗan garin kifi ko babu, ba ta cire lomar kowa daga baki ta wannan hanya. Nauyin da take ɗorawa na wani wuri ne: a kan ciyawar gaɓa da ake yanka mata, da lakar da ake kwasa, da filayen gaɓa da ake mai da su tafkuna.

Wa ke da iko da abincin?

A tsarin Sin abinci da ilimin haɗa shi na hannun masu jari, haɗarin kuma na kan mai saye da kan ruwan da ake sako wa ragowar magani. Rahoton Jimo ya kuma nuna amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a rumfunan raino, abin da ke biyo bayan cunkoso da ruɓaɓɓen abinci a tanki.

A tsarin Madagaska abincin na ƙasan tekun da ke gaban ƙauye, amma matakin gansakuka da faranta na wurin ƙyanƙyasa, wanda ƙauye ba zai iya ginawa ba. Kamfanin da ke ba da jarirai shi ne kuma ke sayen manya, don haka mai kiwo ba shi da wata kasuwar da zai gwada farashi da ita, kuma abin da ke shiga hannunsa ɗan ƙaramin kaso ne na farashin Hong Kong. Dabba mai tsada da ba ta gudu, kwance a ruwan da bai wuce ƙugu ba, na kiran ɓarawo; sai da aka gina hasumiyar gadi a cikin ruwa a Tampolove, ana kwana ana tsaro. Sannan filin da aka killace na kokwambar teku fili ne da wasu ke kamun kifi ko tsintar kawa a cikinsa a da, don haka sai da ƙauyukan suka zauna suka tsara ƙa'idar wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba.

Duk sanarwar sabon shirin kiwon kokwambar teku, daga gwamnati ko kamfani ko ƙungiyar agaji, ana iya auna ta da tambayoyi huɗu da suka fito daga cikin dabbar. An gwada lakar wurin an san nauyin da murabba'in mita ɗaya zai ɗauka? Wa ke da wurin ƙyanƙyasa, kuma mai kiwo na da 'yancin sayar wa wani? Me ake zubawa a ruwa idan ƙwari ko cuta suka shigo, kuma wa ke duba ragowarsa? Sannan a hannun wa takardar mallakar wannan fili na ƙasan teku take, idan shekara ta zagayo dabbar ta yi ƙiba?